Yawon buɗe ido a jirgi mai saukar ungulu: Abin da ke cin rayukan baƙi a tsibiran Hawaii

Da misalin ƙarfe 4:30 na yammacin ranar 26 ga Disamba, 2019, wani jirgin sama mai saukar ungulu ya tashi daga filin jiragen sama na Lihue da ke tsibirin Kauai, a jihar Hawaii ta Amurka, ɗauke da matuƙi da fasinjoji shida. Shirin shi ne a zagaya da su tsibirin na tsawon minti 50, su kalli tsaunuka da kwazazzabai da gaɓar teku daga sama, a dawo da su kafin faɗuwar rana.

Jirgin bai cika rabin sa'a a sama ba ya yi karo da gefen wani tsauni a yankin Kokee, ya kama da wuta. Babu wanda ya tsira. Huɗu daga cikin mamatan iyali ɗaya ne daga ƙasar Suwizalan, biyu kuma uwa da 'yarta ne daga jihar Wisconsin. Uku daga cikin fasinjojin yara ne.

Matuƙin ba sabon shiga ba ne. Shekarunsa 69, ya shafe sama da sa'o'i 15,000 yana tuƙi a sama, kuma shi ne babban matuƙin kamfanin Safari Aviation mai jirgin. Masu bincike ba su gano wata matsala a injin ba. Abin da Hukumar Binciken Haɗurran Sufuri ta Amurka, NTSB, ta bayyana a rahotonta na watan Mayun 2022 shi ne, matuƙin ya ci gaba da kutsawa cikin gajimare da ruwan sama a wurin da ba ya iya ganin gabansa, alhali aƙalla matuƙa uku na wasu jiragen yawon buɗe ido sun hango yanayin a daidai wannan lokaci sun sauya hanya.

Wanda ya bi tarihin haɗurran wannan sana'a a Hawaii zai tarar da irin wannan labari yana maimaita kansa. Inji kan lalace, kuma hakan ya sha kashe mutane, amma haɗurran da suka fi ɗaukar rayuka da yawa a lokaci guda galibi sun faru ne da jirage masu lafiya, a hannun matuƙan da suka ga gajimare a gabansu ba su juya ba.

Me ya sa ake hawa?

Hawaii rukunin tsibirai ne a tsakiyar Tekun Fasifik, kusan kilomita 4,000 daga gaɓar yammacin Amurka. Ta zama jiha ta 50 a 1959, kuma a babban birninta, Honolulu, aka haifi tsohon shugaban ƙasar, Barack Obama. Mazaunanta kimanin miliyan 1.4 ne, amma a 2019 kaɗai baƙi sama da miliyan 10 suka ziyarce ta. Yawon buɗe ido shi ne babban abin da jihar ke ci da shi.

Duwatsu masu aman wuta ne suka samar da tsibiran, ruwan sama kuma ya shafe miliyoyin shekaru yana zaizayar su. A Kauai, wanda ya fi sauran manyan tsibiran tsufa, zaizayar ta bar kwazazzabon Waimea mai zurfin kusan mita 1,000, da gaɓar Na Pali inda duwatsu ke miƙewa tsaye daga bakin teku har zuwa mita 1,200 a wasu wurare. Babu titin mota da ya ratsa Na Pali. Mai son ganinta sai dai ya bi ta ruwa, ko ya taka sawu a kan wata siririyar hanya mai tsawon kimanin kilomita 18, ko kuma ya bi ta sama. Haka ma mafi yawan cikin tsibirin, mota ba ta kaiwa. Magangarar ruwan da aka nuna a fim ɗin Jurassic Park na 1993 tana nan a Kauai, kuma kusan duk wanda ya gan ta da idonsa daga jirgi ya gan ta.

Wannan ne ya sa baƙo ke biyan ɗaruruwan daloli don kujera ɗaya ta tafiyar da ba ta wuce sa'a guda ba. Kuma abin da ya biya kuɗin don ya gani, wato kwazazzabo mai zurfi da dutse mai tsayi da ruwa mai kwararowa, shi ne ainihin abin da ke sa tuƙin ya yi wuya.

Yadda gajimare ke rufe hanya

A mafi yawan shekara iska tana kaɗowa Hawaii ne daga arewa maso gabas, ɗauke da danshin teku. Idan ta bugi tsauni sai ta hau sama, ta yi sanyi, danshin ya koma gajimare, ruwa ya sauka. Dutsen Waialeale da ke tsakiyar Kauai yana samun ruwan sama kimanin milimita 11,500 a shekara, fiye da ninki goma na abin da Kano ke samu, kuma yana cikin wuraren da suka fi ko'ina yawan ruwa a duniya. Amma a gaɓar yammacin tsibirin, tazarar 'yan kilomitoci kaɗan, ƙasar a bushe take.

Ma'anar wannan ga matuƙi ita ce rahoton yanayin da ya karanta a filin jirgi yana gaya masa halin da filin ke ciki ne kawai. Kwarin da ke buɗe tar da rana a zagayen ƙarfe uku yana iya cika da gajimare a zagayen ƙarfe huɗu. A ranar hatsarin 2019 ma yanayin ya yi kyau kusan duk wunin, kuma tafiyar ita ce ta takwas kuma ta ƙarshe da matuƙin zai yi a ranar. Daf da tashinsa ne gajimare da ruwa suka fara shigowa daga arewa maso yamma, ɓangaren da ba a saba ganin sun fito ba. Wani mai yawo a ƙafa da ke kusa da wurin ya shaida wa masu bincike cewa ruwa da hazo sun rufe ko'ina, har ba a iya hangen abin da ya wuce kimanin mita shida.

Jiragen yawon buɗe ido suna tafiya ne bisa ƙa'idar tuƙi da ido. Matuƙi yana daidaita jirgin ta hanyar kallon ƙasa da inda sama ta haɗu da ita. Manyan jiragen fasinja suna ratsa gajimare lafiya saboda an ƙera su don tuƙi da na'urori, matuƙansu sun ƙware a kan haka, suna bin hanyoyi da aka tsara nesa da duwatsu, kuma masu kula da zirga-zirga daga ƙasa suna sa musu ido. Duk da haka, kowa ya san yadda hazon hunturu ke hana su sauka a filayen jiragen arewacin Najeriya. Ƙaramin jirgin da ke shawagi tsakanin bangon dutse biyu ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan kariya.

Da zarar ido ya daina ganin ƙasa, jiki yakan koma dogaro da wasu 'yan bututu masu ruwa da ke can cikin kunne, waɗanda ke sanar da ƙwaƙwalwa ko mutum a tsaye yake ko a karkace. A ƙasa suna aiki daidai domin ido yana gyara musu kuskure. A sama, idan jirgi ya karkata a hankali, ba sa ji. Idan ya daɗe yana kwana, sai su ɗauka a miƙe yake tafiya. Matuƙi na iya rantsuwa cewa hawa yake yi, alhali jirgin na gangarawa gefe guda. Wannan ɗimuwa ba ruwanta da yawan shekarun aiki, kuma ba ta ɗaukar lokaci. Wata ƙungiyar kula da lafiyar tuƙin jirage masu saukar ungulu a Amurka ta nazarci irin waɗannan haɗurra, ta gano cewa matsakaicin lokacin da ke tsakanin shiga gajimare da faɗuwa daƙiƙa 56 ne, har ta sanya wa gangamin wayar da kan matuƙa wannan adadi.

'Yan Najeriya sun san wannan dalili, ko da ba su san Kauai ba. Shi ne NTSB ta ambata a kan hatsarin da ya kashe shugaban rukunin Access Holdings, Herbert Wigwe, da matarsa da ɗansa da Abimbola Ogunbanjo da matuƙa biyu a hamadar Kalifoniya ranar 9 ga Fabrairu, 2024. Shi ne kuma ya kashe ɗan wasan ƙwallon kwando Kobe Bryant da mutum takwas ranar 26 ga Janairu, 2020, wata guda cif bayan hatsarin Kauai. Waɗannan biyun jiragen shata ne, amma matuƙansu da ido suke tuƙi, kuma gajimare suka shiga.

A Hawaii kanta jerin yana da tsawo. Mutum shida sun mutu a dutsen Waialeale a watan Yunin 1998, bakwai a kwarin Iao na tsibirin Maui a watan Yulin 2000, biyar a Kauai a watan Satumban 2004, wasu biyar a tsibirin Molokai a watan Nuwamban 2011. A dukkansu an ambaci shiga mummunan yanayi a kusa da tsaunuka.

Abin da ke hana matuƙi juyawa

Tambayar da ta fi wuya ita ce me ke sa ƙwararre ya ci gaba. Ba sai wani ya ba shi umarni ba. A bayansa akwai mutum shida da suka biya kuɗi mai yawa, wasu sun yi shekaru suna tanadi, wasu amarci suka zo ci, gobe kuma za su bar tsibirin. Idan ya juya, kamfani na iya mayar da kuɗi. Ya kuma san cewa ya sha bi ta wannan kwari a yanayi makamancin wannan, ya sami 'yar kafa a cikin gajimaren ya wuce lafiya. Duk wucewa lafiya tana ƙara masa tabbacin cewa ta gaba ma haka za ta kasance, har abin da ya kamata ya tsorata shi ya zama aikin yau da kullum.

Shi ya sa NTSB ba ta tsaya kan matuƙin kaɗai ba a rahoton 2022. Ta ce kamfanin ba shi da wani tsari na gano haɗarin da matuƙansa ke fuskanta ta fuskar yanayi, ko na bin diddigin yadda suke tuƙi idan sun bar filin jirgi. Ta kuma ɗora wani kaso na alhakin a kan Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Amurka, FAA, wadda ita ke kafa dokoki da sa ido. Tun a 2007 NTSB ta nemi a tsara wa matuƙan Hawaii horo na musamman kan gane alamomin sauyin yanayin tsibiran, sannan a 2013 ta nemi a kafa kyamarori a mashigan tsaunuka domin matuƙi ya ga halin da hanya ke ciki kafin ya isa, kamar yadda aka yi a jihar Alaska aka ga amfaninsa. Ranar da jirgin Safari ya faɗi, ba a kafa kyamarorin ba. Sai a 2021 aka fara.

A nan akwai abin lura game da tsarin Amurka. NTSB bincike take yi ta ba da shawara, ba ta da ikon tilasta wa kowa. FAA ce ke da ikon, kuma takan ɗauki shekaru tana auna kuɗin da sabuwar doka za ta ci kamfanoni. Tsakanin shawara da doka, jirage na ci gaba da tashi. Jirgin da ya faɗi a Kokee ba shi da akwatin naɗar bayanai, domin doka ba ta wajabta wa irinsa ba, don haka babu wanda zai taɓa sanin abin da matuƙin ya gani a mintocinsa na ƙarshe.

Dokar 1994 da abin da ta haifar

Ranar 14 ga Yuli, 1994, jirage biyu na yawon buɗe ido suka faɗa teku a Hawaii a wuni ɗaya. A na kusa da Kauai mutum uku sun nitse, ciki har da matuƙin. A na kusa da Molokai kowa ya tsira. A watan Satumban shekarar FAA ta fitar da dokar gaggawa ta musamman ga Hawaii. Ta hana jiragen yin ƙasa da ƙafa 1,500, wato kimanin mita 460, daga doron ƙasa sai da izini, ta wajabta yi wa fasinjoji bayanin matakan tsira kafin tashi, ta kuma ce jirgi mai inji ɗaya da zai bi ta kan teku ko dai ya kasance da jakunkunan iska da za su tallafe shi a kan ruwa, ko kowa ya sanya rigar ceto.

Masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins sun duba tasirin dokar a wani nazari da suka wallafa a 2009. Sun ƙirga haɗurra 59 tsakanin 1981 da 2008. Bayan dokar, yawan haɗurra idan aka auna da sa'o'in tashi ya ragu da kashi 47 cikin 100, daga 3.4 zuwa 1.8 a kowace sa'a 100,000. Wannan nasara ce babba. Amma tsugune ba ta ƙare ba, domin kason haɗurran da shiga gajimare ya haddasa ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 32 cikin 100. Matuƙa sun daɗe suna ƙorafin cewa dokar ta tura su tsayin da gajimare ke taruwa a tsaunukan Hawaii, kuma masu nazarin sun ga akwai ƙamshin gaskiya a ƙorafin. Masu goyon bayan dokar kuwa suna cewa tsayi shi ke ba matuƙi sararin neman wurin sauka idan inji ya mutu, kuma wanda gajimare ya tare wa hanya a tsayin da doka ta yanka, abin da ake so ya yi shi ne ya koma gida.

Alƙaluman sun kuma nuna girman haɗarin yadda yake. Hatsari ƙasa da biyu a sa'o'i 100,000 na nufin mafi yawan baƙi da gagarumin rinjaye suna sauka lafiya, kuma ba kowane hatsari ke kisa ba. Sai dai wanda ya ɗauka kujerar wannan jirgi daidai take da ta babban jirgin da ya kawo shi Honolulu ya yi kuskure. Dokokin da ke kansu ba ɗaya ba ne. A Amurka ma, kamfanin da ke tashi ya dawo filin da ya bari ba tare da ya wuce mil 25 ba yana iya aiki da takardar izini mai sassauci, maimakon cikakken lasisin jigilar fasinja da ke da tsauraran sharuɗɗan horo da gyara da hutun matuƙa.

Idan jirgi ya faɗa ruwa

Mutane da yawa sun ɗauka mutuwar inji a jirgi mai saukar ungulu daidai take da faɗowar dutse. Ba haka abin yake ba. Idan matuƙi ya yi saurin sassauta kusurwar farfelar sama, iskar da ke bugo ta daga ƙasa yayin gangarowa za ta ci gaba da juya ta, ya sauko a hankali ya dira. Kowane matuƙi yana koyon wannan. Matsalar ita ce wurin dira. A gaɓar Na Pali, ban da 'yan rairayin bakin teku kaɗan, dutse ne a gefe ɗaya, teku a ɗayan.

Nauyin irin wannan jirgi a samansa yake, wurin inji da farfela. Idan ya taɓa ruwa ba tare da jakunkunan iska ba, yakan kife nan take ya fara nitsewa. Fasinja zai tsinci kansa a juye, kai a ƙasa, ruwa na shigowa, yana lalubar maɓallin bel ɗin da sau ɗaya ya taɓa ɗaura shi. A watan Satumban 2005 wani jirgi ya shiga ruwan sama mai ƙarfi a arewacin Kauai, iska ta danno shi cikin teku kusa da gaɓa. Faɗuwar ba ta kashe kowa ba, amma fasinjoji uku daga cikin biyar sun mutu ta hanyar nitsewa. Jirgin ba shi da jakunkunan iska, kuma dokar lokacin ta yarda da hakan tunda fasinjojin na ɗaure da rigunan ceto a ƙugunsu. Dokar ƙasa da aka fitar a 2007 ta ƙara tsaurara wannan fanni. A watan Fabrairun 2016 kuma, wani jirgi ya faɗa ruwa a Pearl Harbor a gaban ɗimbin masu ziyara, 'yan mitoci daga gaɓa. Mutum huɗu sun fito, amma wani yaro ɗan shekara 16 daga Kanada ya maƙale a kujerarsa har sai da masu ceto suka yanke bel ɗin. Ya rasu a asibiti bayan kwanaki.

Akwai kuma yayin tashi da jirgi babu ƙofofi, domin masu ɗaukar hoto su sami fili. Ana yin sa a Hawaii, amma darasinsa mafi muni daga birnin New York ya zo. Ranar 11 ga Maris, 2018, igiyar da aka ɗaure wani fasinja da ita ta saƙale a hannun da ke tsayar da mai, injin ya mutu, jirgin ya sauka a kogin East River. Jakunkunan iskarsa ba su cika daidai ba, sai ya kife. Matuƙin, wanda bel na yau da kullum ya ɗaura, ya fita. Fasinjoji biyar da aka ɗaure ta baya da igiyoyin da ba sa kwantuwa cikin sauri sun nitse duka. Abin da aka tanada don hana su faɗowa shi ya hana su fita. Bayan haka ne FAA ta haramta irin wannan tafiya matuƙar ɗaurin ba mai saurin kwancewa ba ne.

Ta ɓangaren inji kuwa, binciken ya sha komawa kan gareji. Hatsarin Pearl Harbor ya samo asali ne daga karyewar sandar da ke kai ƙarfin inji ga farfela saboda rashin kyakkyawan gyara. Na Princeville da ya kashe mutum huɗu a watan Maris ɗin 2007, wani mahaɗin na'urar sarrafa jirgin ne da ba a ɗaure shi yadda ya kamata ba. A watan Yunin 2022 jelar wani jirgi ta rabu da gangar jikinsa yana sama a babban tsibirin Hawaii, ya faɗi a kan daskararren aman dutse, kuma cikin ikon Allah duka mutum shidan suka rayu. Jirgin da ke tashi da sauka sau bakwai ko takwas a wuni, a cikin iska mai gishirin teku, ba ya yafe sakacin makanike.

Wani lokaci kuma iska ce da ƙirar jirgi ke haɗuwa. Ranar 29 ga Afrilu, 2019, wani ƙaramin jirgi samfurin Robinson R44 ya tarwatse a sama ya faɗo kan titin unguwa a garin Kailua na tsibirin Oahu, mutum uku suka mutu. NTSB ta ce ya ci karo da iska mai dannowa ƙasa yana gudun da ya wuce wanda aka shawarta a irin wannan yanayi, farfelar sama ta yi lilo fiye da kima har ta sari jikin jirgin. Wani jirgin irinsa ya faɗa teku a gaɓar Na Pali ranar 11 ga Yuli, 2024, ya kashe mutum uku.

Abin da ya sauya

Shekarar 2019 ta girgiza Hawaii. Ban da haɗurran Kailua da Kauai, wani jirgin masu dirowa da laima ya faɗi a Oahu a watan Yuni ya kashe mutum 11, jimilla rayuka 21 a harkar nishaɗin sama cikin shekara guda. 'Yan majalisar dokokin tarayya daga jihar, musamman Ed Case da Sanata Brian Schatz, sun matsa lamba a tsaurara dokoki. A watan Afrilun 2024 FAA ta wajabta wa kamfanonin shata da na yawon buɗe ido su kafa tsarin kula da haɗari a rubuce, wanda zai sa kamfani ya riƙa gano barazana yana magance ta kafin ta zama hatsari, ta kuma ba su wa'adin shekara uku.

Mazauna tsibiran suna da nasu ƙorafin daban, wato ƙarar jirage a kan gidajensu tun daga safe, da kuma a kan wuraren da 'yan asalin Hawaii ke girmamawa. A ƙarshen 2023 aka amince da tsarin da ya rage yawan tashin jiragen yawo a kan gandun duwatsu masu aman wuta na ƙasa daga sama da 11,000 a shekara zuwa ƙasa da 1,600. Kamfanonin sun yi adawa da shi, suna cewa tsofaffi da masu buƙata ta musamman ba su da wata hanyar ganin wuraren.

Abin da ke hannun baƙo

Fasinja ba zai iya duba inji ba, amma akwai tambayoyin da amsarsu ke nuna irin kamfanin da yake shirin miƙa wa ransa, a Hawaii ne ko a wani tsibirin da ake wannan sana'a. Ta farko ita ce abin da ke faruwa da kuɗinsa idan yanayi ya ɓaci. Kamfanin da ke mayarwa ko sauya rana ba tare da gardama ba ya sauke wa matuƙinsa nauyi. Sai ya tambayi irin lasisin da kamfanin ke aiki da shi, ko jirgin na da jakunkunan iska, da kuma tsawon lokacin da matuƙin ya yi yana tuƙi a wannan tsibiri, domin a hatsarin 2004 da na Kailua matuƙan ba su daɗe da fara aiki a Hawaii ba. Rahotannin NTSB a buɗe suke a intanet ga mai son duba tarihin kamfani.

Sanya tafiyar a farkon kwanakin ziyara ya fi sanya ta a ranar ƙarshe, saboda wanda ke da sauran kwanaki ba zai damu da ɗagewa ba. Safiya kuma ta fi yamma, tunda gajimare kan taru a kan tsaunuka yayin da rana ke ɗagawa, ko da yake wannan ba tabbas ba ne a kowace rana. Idan an ɗora shi a ma'auni ko an tambayi nauyinsa, ya faɗi gaskiya, domin da shi ake raba kujeru don jirgin ya daidaita. A jirgin da babu ƙofa, hula ko waya da ta suɓuce tana iya bugun farfelar jela.

Bayanin da ake yi kafin tashi 'yan mintoci ne, kuma galibi hankalin mutane na kan kyamara. Ya kamata fasinja ya kwance bel ɗinsa ya sake ɗaurawa har hannunsa ya saba, ya san inda hannun ƙofa yake ko da idonsa a rufe, ya kuma riƙe cewa ba a hura rigar ceto a cikin jirgi. Wanda ya hura ta kafin ya fita, za ta manna shi a jikin jirgin da ke nitsewa.

Akwai kuma abin da fasinjoji ba su cika yi ba, alhali ba ya cin ko sisi. Kowa a cikin jirgin yana sanye da abin magana a kunne, kuma matuƙi yana jin su. Fasinjan da ya ga gajimare ya rufe bakin kwari yana iya gaya masa cewa shi bai damu ba idan aka tsallake wannan wuri, ko aka koma fili.